Mitar Lantarki A Gidan Haya: Abin Da Aka Rubuta Shi Ke Raba Gardama

A duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sabon zangon karatu, wanda ya bi ta titin Sakkwato a Samaru zai ga samari da 'yan mata ɗauke da akwatuna da katifu, suna bin dillalan gidaje lungu lungu, daga Ɗanraka zuwa Hayin Dogo, kowa yana neman ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa. Haka kuma a Sabon Gari, ba a rasa ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ya sauko Zariya da iyalinsa, yana neman ciki da falo a Muciya ko Cikaji ko Dogarawa.

Mai neman haya yakan duba abubuwa da yawa kafin ya ba da kuɗinsa. Yakan leƙa rijiya ya ga ko tana da ruwa, ya ɗaga kai ya duba ko kwano yana yoyo, ya girgiza ƙofa ya ji ƙarfinta, ya tambayi halin maƙwabta. Amma akwai wani ɗan akwati da ke manne a bangon zaure ko a bayan gida, wanda da wuya a sami mai tsayawa ya dube shi. Wannan akwati shi ne mitar lantarki, kuma sau da yawa daga gare ta ne rigimar farko takan taso tsakanin ɗan haya da mai gida, ko tsakaninsa da abokan zama, ko tsakaninsa da kamfanin wuta.

Rigimar takan zo da fuska ɗaya. Bayan wata biyu ko uku da tarewa, sai a kawo takardar kuɗin wuta mai ɗauke da jimlar da ta fi kuɗin hayar ɗakin, ko kuma ma'aikata su iso da tsani su yanke wutar gidan saboda bashi. Ɗan haya ya rantse bai sha wannan wuta ba, mai gida ya ce shi ba a gidan yake kwana ba, wanda ya tashi kuwa ya yi nisa. A ƙarshe wanda aka tarar a ɗakin shi ke biya, domin ba shi da wata shaida da za ta nuna inda shan wutar wani ya tsaya, nasa ya fara.

GARIN MASU ZUWA DA TAFIYA

Wannan matsala ba ta Zariya kaɗai ba ce, amma tana da dalilin yin ƙamari a waɗannan unguwanni biyu. Sabon Gari ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya a farkon ƙarni na ashirin, ya zama mazaunin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga sassa daban daban na ƙasar nan. Samaru kuwa ta bunƙasa ne a gefen tashar binciken aikin gona, sannan ta cika ta batse bayan kafa jami'a a shekarar 1962. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Palladan, da Cibiyar Fasahar Sufuri a hanyar Basawa, da Cibiyar Binciken Fata a Samaru, da barikin horar da kuratan soja, da Asibitin Koyarwa na jami'a a Shika.

Duk waɗannan wurare suna jawo mutanen da zamansu na ɗan lokaci ne. Ɗalibi yakan yi shekara ɗaya ko biyu a ɗaki ya sake wani, mai hidimar ƙasa shekara ɗaya ce tasa, ma'aikaci kuma takarda ɗaya ce za ta ɗauke shi zuwa Kaduna ko Kafanchan. Saboda haka ɗaki guda yana iya ganin mutum huɗu ko biyar cikin shekara biyar, alhali mitar gidan tana nan ɗaya, da lamba ɗaya, da sunan mai gida ko ma sunan mahaifinsa da ya riga mu gidan gaskiya. Mutane suna wucewa, amma asusun wuta yana manne da bango, kuma duk bashin da aka bari a kansa yana jiran wanda zai shigo.

DAGA NEPA ZUWA YAU

Har yanzu idan wuta ta dawo, yara a Samaru sukan yi shewa su ce NEPA ta kawo wuta, ko da yake hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da shuɗewa. An kafa ta ne a shekarar 1972, lokacin da aka haɗe tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar da ta gina madatsar ruwa ta Kainji. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta wargaza ta, ta kuma kafa hukumar NERC domin sa ido a kan farashi da kare haƙƙin masu shan wuta. Daga shekarar 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, inda Zariya ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, wanda yankinsa ya haɗa jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi.

Abin da ya fi shafar aljihun ɗan haya a cikin wannan tarihi shi ne farashi. A shekarar 2020 aka raba masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, bisa yawan sa'o'in da ya kamata layinsu ya sami wuta a rana: sa'a 20 ga rukunin A, 16 ga B, 12 ga C, 8 ga D, sannan 4 ga E. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowace yunit, fiye da ninki uku na abin da ake biya a da, kafin a daidaita shi zuwa Naira 209 da kwabo 50 a watan Yuli na wannan shekarar. A zamanin da wuta take da araha, kuskuren yunit ɗari ba ya hana kowa barci. Yanzu kuwa, a layin rukunin A, kuskure irin wannan ya haura Naira dubu ashirin, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci.

HALI UKU DA ƊAN HAYA ZAI TARAR

Duk gidan da mutum ya shiga, zai tarar da ɗaya daga cikin hali uku, kuma kowanne da irin tarkonsa.

Na farko shi ne gida mai tsohuwar mita, wadda ake shan wuta tukuna a biya daga baya. Wasu suna da faifai mai juyawa da jerin lambobi a bayan gilashi, wasu kuma na zamani ne masu nuna lamba a allo. Lambobin nan ba sa komawa baya, ƙaruwa suke yi tun ranar da aka kafa mitar. Ma'aikacin kamfani ya kamata ya zo ya karanta, a cire karatun wancan wata daga na wannan wata, abin da ya rage shi ne wutar da aka sha. Tarkon da ke nan shi ne idan mai karatun bai zo ba, ko ya zo ya tarar da zaure a kulle, sai a yi ƙiyasi, kuma ƙiyasi yana iya yin nesa da abin da mitar take nunawa.

Na biyu shi ne gida mai mita mai kati, wadda ake sayen wuta tukuna, a sami lambobi ashirin a danna mata. Mutane da yawa suna zaton wannan ba ta da rigima, amma ba haka abin yake ba. Idan an kafa ta a gidan da ake bin tsohon bashi, bashin ba ya mutuwa, ana ɗora shi ne a kan asusun, a riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi wuta. Sai sabon ɗan haya ya ga ya ba da Naira dubu biyar an ba shi yunit kaɗan, ya yi ta zargin mitar da gudu, alhali bashin wani yake biya da kaɗan kaɗan bai sani ba.

Na uku shi ne gidan da ba shi da mita sam, ana kawo masa takardar ƙiyasi kowane wata. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin alƙaluman hukumar NERC sun nuna cewa har zuwa ƙarshen shekarar 2024 waɗanda suke da mita ba su kai rabin masu rajistar shan wuta a ƙasar nan ba, duk da shirin sayen mita ta hannun 'yan kwangila da aka tsara a 2018, da shirin rabon mita na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2020. Domin rage zaluncin ƙiyasi, a watan Fabrairu na 2020 hukumar ta sa iyaka ga yawan yunit da za a iya rubuta wa marar mita, kuma takan buga wannan iyaka layi layi a shafinta na intanet. Cewa ana ƙetare iyakar ba jita-jita ba ce: a watan Fabrairu na 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta Naira biliyan 10.5, bayan ta gano sun ƙara wa marasa mita kimanin Naira biliyan 105 a cikin watanni tara na farkon 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane haƙƙinsu a cikin takardunsu.

RANAR SHIGA

Maganin mafi yawan wannan ɗawainiya bai wuce littafin rubutu na 'yan firamare da alƙalami ba, tare da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane, don haka aikin yana farawa ne ranar da aka karɓi mabuɗi, kafin a kunna ko ƙwai ɗaya.

A shafin farko ɗan haya zai rubuta kwanan wata da lokaci, da adireshin gidan, da lambar mitar kamar yadda take a jikinta, da lambar asusun da ke kan takardar kuɗin wuta, da sunan da asusun yake ɗauke da shi. Sannan ya rubuta karatun mitar daidai yadda ya gan shi, har da sifirin da ke farko. A yawancin tsofaffin mitoci, lambar ƙarshe da ke cikin jan gida ɓangare ce ta yunit, ba cikakkiyar yunit ba, don haka a ware ta da ɗigo. Idan mita mai kati ce, sai ya rubuta yawan yunit da ya tarar a ciki. Daga nan ya ɗauki hoton da lambar mitar da karatunta za su fito tare a fili, ya aika wa mai gida ko wakilinsa ta waya nan take, domin saƙon ya zama shaidar ranar.

Abu na biyu shi ne ya nemi a nuna masa takardar kuɗin wuta ta ƙarshe da rasidin biyanta. A jikin takardar akwai gurbin bashin baya. Idan da kuɗi a wannan gurbi, to, nan ne wurin magana, tun kuɗin haya yana aljihunsa. Ko mai gida ya biya kafin a tare, ko a cire daga kuɗin haya, ko a rubuta a takardar yarjejeniya cewa bashin da ya gabaci wannan rana ba na sabon ɗan haya ba ne. Ga mita mai kati, hanya mafi sauƙi ita ce ya sayi wutar kuɗi kaɗan ya duba rasidin, ko ya je ofishin kamfanin da lambar mitar ya tambayi ko ana bin asusun bashi.

Abu na uku shi ne ya duba lafiyar mitar. Shin hatimin da kamfani ya ɗaure ta da shi yana nan? Shin akwai wata waya da ta zagaya ta bayanta? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Janairu na 2025 hukumar NERC ta ɗaga tarar satar wuta ta bayan mita zuwa Naira dubu 100 ga mai layi ɗaya a karon farko, da Naira dubu 200 ga mai layi uku, ban da biyan wutar da aka sha. Masu bincike ba za su tambayi wanda ya yi haɗin ba, wanda suka tarar a gidan shi za su tuhuma. Wanda ya ga alamar haka ranar shiga, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gida a rubuce, ya tsaya sai an gyara.

A ƙarshe mai gida ko dillali ya sa hannu a ƙarƙashin abin da aka rubuta, tare da shaida ɗaya daga cikin mazauna gidan. Wasu sukan ji nauyin neman dattijo ya sa hannu, suna ganin kamar rashin yarda ne. Amma rubuta abin da ke tsakanin mutum biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan aka gabatar da maganar cikin ladabi, aka ce, Baba, don kada a manta ne, da wuya mai gida na kirki ya ƙi.

KOWANE WATA

Rubutun ranar shiga shi ne tushe, amma ba ya isa shi kaɗai. Ya kamata ɗan haya ya zaɓi rana ɗaya a wata, misali ranar ɗaya ga wata ko ranar da albashi ya shigo, ya riƙa karanta mitar yana rubutawa a layi ɗaya: kwanan wata, karatu, bambanci da na baya, kuɗin da aka biya, da lambar rasidi. Aikin bai fi minti biyu ba.

Lissafin ma ba shi da wuya. A ɗauka ranar 1 ga Maris mita ta nuna 04382, ranar 1 ga Afrilu kuma ta nuna 04530. Bambancin shi ne yunit 148. A ɗauka kuma farashin rukunin gidan, wanda akan rubuta a jikin takardar, Naira 60 ne. Kuɗin wutar ya zama Naira 8,880. A ƙara harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a watan Fabrairu na 2020, wato Naira 666, jimla ta zama Naira 9,546. Idan takarda ta zo da abin da ya yi kusa da haka, sai a biya a adana rasidi. Idan kuwa ta zo da karatun da mitar ba ta ma kai ba, to, ga littafi, ga hoto, ga mitar kanta a bango.

Akwai wata fa'ida kuma. Mai rubutu kowane wata yakan san yawan abin da gidansa yake sha. Idan gidan da ya saba shan yunit 150 ya tashi zuwa 300 ba tare da an sayi sabon kaya ba, akwai dalili: ko wani ya ja waya zuwa shagonsa, ko wayar gidan ta lalace tana zubar da wuta, ko mitar ta sami matsala. Gwajin yana da sauƙi. A kashe komai na gidan, a cire duk abin da ke jone, a je a dubi mitar. Idan faifan yana ci gaba da juyawa ko jar fitilar tana ci gaba da ƙiftawa, wani yana shan wutar.

MITA ƊAYA, ƊAKI GOMA

A Samaru da Sabon Gari, gidajen haya da yawa jerin ɗakuna ne masu fuskantar juna, da tsakar gida ɗaya, da mita ɗaya. A nan rigimar ba da kamfani take ba, tsakanin maƙwabta take, kuma ita ce ta fi ɓata zumunci. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa.

Domin a gane inda rashin adalcin yake, sai a san mece ce yunit. Yunit ɗaya ita ce wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 yake sha a cikin sa'a ɗaya. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, idan ya yi sa'a shida a kunne kullum, bai kai yunit biyu a wata ba. Fanka mai wat 70 da ke aiki sa'a goma kullum tana shan yunit 21. Amma rishon lantarki mai wat 1,000, irin wanda ɗalibai suke dafa wake da shi, idan ya yi sa'a biyu kullum, yunit 60 ke nan a wata. A farashin rukunin A na watan Yuli 2024, wannan risho shi kaɗai Naira 12,570 ne kafin haraji, fiye da kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka sa wa hannu a wannan watan. Haka dutsen guga da hitar dafa ruwa suke, duk abin da ke yin zafi shi ke cin wuta.

To, a ɗauka gida mai ɗaki goma ya sha yunit 600 a wata, aka raba daidai, kowa 60. Ɗalibin da ba shi da komai sai ƙwai biyu da fanka da kwamfutar cinya bai sha fiye da yunit 30 ba, ya biya ninki biyu. Maƙwabciyarsa mai firiza tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ko telan da ke shagon ƙofar gida, ya sha ninkin abin da ya biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gidajen da suka zauna lafiya sukan bi ɗaya daga hanya biyu. Wasu sukan ƙirga kayan wutar kowane ɗaki, a ba kowane abu maki gwargwadon cinsa, a raba kuɗin bisa maki, a kuma sake ƙirgawa duk lokacin da wani ya shigo ko ya sayi sabon abu. Wasu kuma sukan haɗa kuɗi a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita ta cikin gida, wadda kamfani ba ruwansa da ita, amma tana nuna rabon kowa. Abin da ya rage tsakanin jimlar ƙananan mitoci da babbar mita, kamar fitilar tsakar gida da injin jan ruwa, sai a raba daidai. Kowace hanya aka bi, dole a sami littafi ɗaya na gida, a hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, wanda kowa yake da ikon dubawa, kuma a riƙa nuna rasidin biya. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, akan tara kuɗi a ba wani ya kai, sai ranar da aka zo yanka a gane bai kai ba.

LOKACIN DA ƊAKI YAKE A KULLE

Rayuwar ɗalibi tana da dogayen giɓi. A shekarar 2020 annobar korona da yajin aikin malamai sun rufe jami'o'i mafi yawan shekarar. A 2022 yajin aikin ƙungiyar ASUU ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A irin waɗannan lokuta ɗakunan Samaru sukan kasance a garƙame, amma takardar ƙiyasi ba ta san an tafi gida ba, kuma a gidan tarayya waɗanda suka rage sukan ci gaba da lissafa ɗakin wanda ba ya nan. Wanda ya rubuta karatun mita ranar tafiya da ranar dawowa, ya kuma sanar da mai riƙe da littafin gida, yana da abin faɗa. Idan gidan gaba ɗaya zai zama kango na watanni kuma ba shi da mita, hikima ita ce a rubuta wa kamfani a nemi a dakatar da wutar, a riƙe kwafin takardar.

Haka nan idan wutar ce ta tafi. A ƙarshen watan Oktoba na 2024, bayan lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin da ake taimakawa da shi, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu. Mai mita bai yi asarar kwabo ba, domin mitarsa ba ta motsa ba. Marar mita kuwa ba shi da abin dogaro sai abin da ya rubuta. Don haka ko gidan da ba shi da mita yana buƙatar littafi, a riƙa rubuta ranakun da babu wuta da ranakun da taransifoma ta lalace, a kuma gwada yunit ɗin da aka rubuta a takarda da iyakar da hukuma ta buga.

IDAN RIGIMA TA TASO

Ka'idojin kare masu shan wuta da hukumar NERC ta fitar a 2023 sun shimfiɗa matakai. Da farko mai ƙorafi zai kai kukansa a rubuce ga sashen sauraron koke na kamfanin, ya haɗa da kwafin takardar da yake jayayya a kanta da hotunan mitar da shafin littafinsa, ya kuma tabbatar an ba shi shaidar karɓa. An ba kamfani kwanakin aiki goma sha biyar ya warware. Idan bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na hukumar, wanda yake da ofishi a Kaduna, daga nan kuma zuwa hedkwatar hukumar a Abuja. Hukumar ta sha bayyana cewa bai halatta a tilasta wa sabon mazauni biyan bashin wanda ya gabace shi ba. Amma wannan haƙƙi ba ya aiki sai ga wanda zai iya nuna ranar da ya shiga da abin da mita take nunawa a ranar. Takardar yarjejeniyar haya da shafin farko na littafin nan su ne za su yi masa magana.

Yana da kyau a ci gaba da biyan abin da ba a jayayya a kansa yayin da ake jiran hukunci. Yana da kyau kuma a guji gajeriyar hanyar da wasu suke bi, ta ba wani ɗan na goro ya hau falwaya da dare ya mayar da wuta. Bashin yana nan, ga tara ta ƙaru, ga hatsarin rai.

RANAR FITA

Kamar yadda aka shiga da rubutu, haka ya kamata a fita da shi. Ranar miƙa mabuɗi a karanta mita a gaban mai gida, a ɗauki hoto, a biya abin da aka sha har zuwa wannan rana, a sa hannu. Idan akwai sauran yunit a mita mai kati, a daidaita da mai gida ko mai shigowa. Wanda ya yi haka ya kare kuɗin ajiyarsa idan ya bayar, ya kare sunansa, ya kuma sauke wa na bayansa nauyin da shi kansa ba ya so a ɗora masa. Ma'aikacin gwamnati musamman ya san cewa ƙarar bashin wuta tana iya bin sa har ofis.

Masu gidaje ma su ne kan gaba wajen cin moriyar wannan tsari, domin idan ɗan haya ya gudu da bashi, sunansu ne a kan asusun, kuma gidan da aka yanke wa wuta ba ya samun mai haya da daraja. Mai gidan da ya sa gurbin karatun mita a cikin takardar yarjejeniyarsa, ya kuma riƙa neman ganin rasidi duk bayan wata uku, ya toshe ƙofar asara tun kafin ta buɗe.

Sanin kowa ne cewa samar da mita ga kowane gida da karanta ta a kan lokaci aikin kamfani ne da hukuma, kuma littafin ɗan haya ba zai sauke musu wannan nauyi ba. Amma kafin ranar da kowane ɗaki a Samaru da Sabon Gari zai sami tasa mitar, wanda ya shiga haya ba shi da mai tsaron aljihunsa sai shi kansa. Ɗalibin da yake rubuta darasin malami shafi shafi, da akawun da yake cika rajistar ofis kullum safiya, ba za su gaza rubuta lambobi biyar sau ɗaya a wata ba. Allah Ya sa a gyara, Ya kuma ba da zaman lafiya tsakanin masu gida da baƙinsu.